Sai ka hau kan tirela kafin ka riƙe motata

Shekara 7 na yi ina karen mota a wata gingimari kafin a fara kira na direba. Weji, igiya da tamfol su ne aikina, sai ƙwanƙwasa tayoyi in mun tsaya shan shayi a Tafa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya barina in yi gyangyaɗi a hanya. Yakan ce, "Yaro, duba madubin dama, me ka gani?" In ce ba komai. Sai ya ce in zura kai ta taga. Ga ƙaramar mota nan maƙale a haƙarƙarinmu, cike da mata da yara, direbanta hankali kwance, a zatonsa muna ganinsa.

Yau Alhamdulillahi motoci 5 gare ni, Sharon 3 da bas 2, muna jigilar fasinja daga Kano zuwa Kaduna da Abuja. Duk wanda ya zo neman aiki wurina, ko lasisinsa ya kai shekara 20, sai na kai shi wurin abokaina na manyan motoci ya hau kan tirela, in sa a kawo Sharon a ajiye dab da hancinta, sannan a gefen dama. Da ya ga mota guda ta ɓace masa ɓat, jikinsa ke sanyi. Sannan in yi masa lissafi: buhun siminti 600, tan 30 ke nan, ban da nauyin motar kanta. Kai da ka sha gabanta ka taka birki don ka hango fasinja a bakin titi, ina kake so ta tsaya? Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce tanka da tirela kada su wuce kilomita 60 a awa a babban titin express, bas kuma 90. Yarana sun san cewa a gangara, da lodi a baya, ko 60 ɗin ba wasa ba ce.

Ni kaina na tsallake rijiya da baya, lokacin da ake aikin titin Kano zuwa Zariya aka haɗe mu hannu ɗaya da masu tahowa. Mun wuce Kwanar Dangora da sassafe, hazo ya rufe ko'ina. Ina bin wata tirela da tazara, sai na ga ganye a zube kan kwalta, alamar wata ta lalace a gaba. Ta gabana ba ta da fitilar birki ko ɗaya. Abin da na ji shi ne hucin iskar birkinta, fuuu, sautin da na yi shekara 7 ina kwana da shi. Na sauke giya, na gangara kan jar ƙasa. Ban gama tsayawa ba tanka ta shigo ta inda nake, tana oda, tayoyinta na hayaƙi, ta tsaya bai fi taku 3 da bayan tirelar ba. Wata dattijuwa a kujerar baya salati kawai take, ta riƙe wuyan rigata har muka isa Zariya.

Shi ya sa raina ke ɓaci in fasinja ya tsaya yana ciniki a kan ɗan abin da muka ɗara wasu. "Haba Alhaji, ga ta bakin titi can ta fi araha." Ta fi araha mana, tunda direbanta mutum 2 ya cusa a gaba, tayarsa gwanjo ce da ta sha faci, kuma so yake ya yi sawu 2 kafin magariba, don haka tsakanin tirela da tirela zai riƙa kutsawa kamar ɗan acaɓa. Ni sabuwar taya nake sawa, ina duba shekarar da aka buga a jikinta da idona. Kuma irin wannan fasinjan ne in ya shigo tamu zai fara, "Direba ka taka mana, ka wuce wannan tankar." Na ba yarana izini su ce masa, "Ka yi haƙuri Malam, maigida ya hana."

A Mararrabar Jos, inda manyan motoci ke jeruwa hagu da dama, doka ce a wurinmu a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilas, a kasa kunne. Motarmu ta farko tana tashi bayan sallar asuba, kuma ba ma lodi da yamma, don kada dare ya riske mu tsakanin Kaduna da Abuja.