Godiya ga duk wanda ya sa hannu har laftof ɗin yaran unguwa suka tashi

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi laftof shidan nan da Kawu ya aiko saboda yaran unguwarmu masu shirin JAMB duk sun tashi, kowacce tana aiki, kuma wallahi ba zan iya yin shiru ba sai na fito na yi godiya kowa ya gani, don cikin waɗanda suka tsaya mana babu wanda ya karɓi ko sisi.

Wanda ya ga kayan ranar da suka iso ya san halin da suka zo. ThinkPad X230 ne, tsofaffi irin na 2012, an goge komai kafin a bayar, ka kunna sai baƙin sikirin. Dama can ba a ƙera su da wurin saka faifai ba, sannan uku a ciki ramukan USB ɗinsu sun mutu, ka soka filash ko ƙyaftawa ba ya yi. Mai gyaran da muka fara kai wa cewa ya yi ukun nan a farke su kawai a sayar da sassa. Raina ya ɓaci sosai, don yaran da suka rubuta suna sun haura ashirin kuma mafi yawansu ba su taɓa riƙe maus ba, ga shi tun 2015 a kwamfuta ake rubuta JAMB gaba ɗaya. Yaro ya yi karatu, ya san amsa, ya je ya zauna gaban na'ura hannu na rawa har lokaci ya ƙare, abin da nake gudar musu kenan.

Godiya ta farko taka ce Yaya, Allah ya saka maka da alheri ya raya maka zuri'a. Kana Kaduna ga aiki ga iyali amma kullum bayan isha'i sai ka kira ni bidiyo. Kai ka ce min in dai ramin wayar netwok yana da rai to laftof ba ta mutu ba, akwai abin da ake kira PXE a cikin BIOS ɗinta, wato saitin da ke tayar da na'ura da zarar an kunna ta, za ta iya jawo babbar manhaja daga wata kwamfutar ta cikin waya ba filash ba faifai. Na kawo shawarar mu riƙa cire had-dis muna sawa a masu lafiyar mu ɗora mu mayar, ka ce zai yi, amma yara ne za su yi amfani da su, gobe wani zai dagula wani abu, in muka kafa hanyar waya sai dai a danna F12 a sake ɗorawa ba sai an ɗauko sukudireba ba. Gaskiyarka ce, yanzu na gani da idona. Kai ka kuma ba da shawarar Debian, wata babbar manhaja ta Linux, mai fuskar Xfce mara nauyi, tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta yarda da injin da ya kai wannan tsufan ba.

Bari in ɗan faɗi yadda abin yake saboda masu tambayata. Laftof ɗina ita ta zama saba, wato mai raba wa sauran kaya, muka sa mata dnsmasq, manhajar da ke wannan rabon, muka sauke netboot.tar.gz, ƙunshin fayilolin ɗora Debian ta netwok, muka baje shi a folda. Ita da wadda za a ɗora wa duk muka haɗa su da rauta ta waya, don Wi-Fi ba ya wannan aikin a irin waɗannan injinan. A ThinkPad F1 ke shiga BIOS, muka mayar da ita Legacy, wato tsohon tsarin tashi, sai F12 ka zaɓi PCI LAN. A nan muka fara cin karo da bango, sikirin ya yi ta juyi sannan ya rubuto PXE-E53: No boot filename received. Ashe rauta tana ba laftof adireshi amma ba ta san sunan fayil ɗin da za a tashi da shi ba. Yaya ya ce kar mu taɓa rautar, a sa dnsmasq a yanayin proxy, rauta ta ci gaba da raba lambar gida ita kuma tawa ta tsaya gefe tana nuna ƙofa, tana cewa ga fayil ɗin tashin, pxelinux.0, nan ku zo ku ɗauka. Muna wuce wannan sai ga PXE-E32, wato TFTP, hanyar da ake aika fayil ɗin, ya jira ya gaji, fayawol mai tsaron laftof ɗina ce ta toshe ƙofarsa ta 69. Ana buɗewa sai ga menu na Debian ya fito a kan laftof ɗin da aka ce a farke. Ƙanina da ke riƙe min da waya yana haska wa Yaya sikirin sai da ya yi kabbara da ƙarfi har Umma ta leƙo tana tambaya lafiya.

Baba Alhaji maƙwabcinmu, Allah ya ƙara girma ya ja da kwana. Batiran laftof ɗin nan duk sun mutu, ana ɗauke wuta suke mutuwa nan take, kuma an ɗauke mana ana tsakiyar rubuta had-dis sai da muka koma farko. Kuna jin labari kuka sa aka jawo mana waya daga inbatar solarku ta kan katanga, kuka ce a yi ta aiki har a gama kar wanda ya yi zancen kuɗi. Allah ya haskaka muku kabari kamar yadda kuka haska mana.

Samarin majalisarmu ku ma na gode, ku kuka yi karo-karo kuka sa data. Kuma ku sani ba a yi almubazzaranci da ita ba, Yaya ya sa muka kafa apt-cacher-ng, manhajar da ke ajiye duk abin da aka sauke, laftof ta farko ce kawai ta sauke kaya daga intanet, sauran biyar daga laftof ɗina suka riƙa ja, har sun fi ta farkon sauri nesa ba kusa ba. Duk mai na'ura fiye da ɗaya ga tsadar data ya riƙe sunan nan.

Akwai wani bawan Allah mai shago a Beirut Road, ban ma san shi ba sai ranar, na je sayen kebul ya tambaye ni na mene ne, da na faɗa masa sai ya yanko, ya matse kawunan da kansa, ya gwada a na'urarsa fitilu takwas suka kama ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo min ya ce in je a sa shi a addu'a. Malam, ga shi na cika alkawari, Allah ya buɗa kasuwa ya yi wa dukiya albarka.

Umma, kin ba mu zaurenki mun cika shi da wayoyi, kina aiko mana da shayi cikin dare, ba ki taɓa cewa mun dame ki ba. Allah ya ƙara miki lafiya ya ba mu ikon kyautata miki. Kawu kuma da ya tuna da yaran nan tun farko, Allah ya sa ya tarar a mizani.

Abu ɗaya da ya rage bayan an gama shi ne Wi-Fi bai fito ba, don netboot ba ya zuwa da firmware na katin Intel, wato 'yar manhajar da katin Wi-Fi ke buƙata kafin ya tashi, muka sa firmware-iwlwifi ta waya, muka kashe muka kunna ya kama.

In sha Allahu ranar Asabar bayan la'asar za mu fara, da riƙe maus da kibod, sai yadda ake zaɓar A B C D da wucewa tambaya ta gaba. Mata za su yi nasu ranar Lahadi da safe tare da ƙanwata. Caja biyu har yanzu aro muke, mai tsohuwar cajar ThinkPad mai zagayen baki da ba ya amfani da ita dan Allah ya taimaka. Wanda kuma yake da laftof da USB ɗinta ya mutu kar ya yar, ya kawo zauren, sabar tana nan a haɗe.