Sauya wa kare mai ciwon ƙashin baya gida: abin da dole ya bi shi zuwa sabon hannu

Lafiyayyen kare in za a kai shi sabon gida, kwanonsa da igiyarsa da katin rigakafinsa sun wadatar. Mai ciwon ƙashin baya kuwa ba haka yake ba. Abin da ke riƙe da shi a tsaye galibi ba a rubuce yake ba, yana cikin kan mutanen gidan da suka saba da shi: ƙarfe nawa ake matsa masa mafitsara, ta ina ake sa hannu a ɗaga shi, wace irin tsayuwa ce in ya yi ta aka san yau ciwon bayan ya motsa. Duk wanda ya miƙa karen bai miƙa wannan sanin ba, to rabin aikin ya yi. Haihuwa, sauyin wurin aiki, tsufa, ƙarancin kuɗi, duk dalilai ne da kan sa iyali su kasa ci gaba da jinya, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da bai dace ba shi ne a yi miƙar cikin gaggawa.

Farkon aiki shi ne sanin sunan ciwon. "Yana da ciwon baya" ba bayani ba ne, domin cututtukan da ke ƙarƙashin wannan kalma makomarsu ta sha bamban. Tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai wani faifan guringuntsi da ke aikin matashi. Idan ya lalace ya fashe ko ya kumburo ya danne laka, shi ne ciwon da likitocin dabbobi ke taƙaita sunansa da IVDD. Iri biyu ne, kamar yadda wani masani mai suna Hansen ya rarrabe su tun 1952. Na farko yakan zo farat ɗaya, a kan karnuka masu gajerun ƙafafu da dogon jiki irin su Dakshund da Bigil da Kogi da buldog na Faransa, sau da yawa tsakanin shekara 3 zuwa 7. A Dakshund, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan gamu da shi a rayuwarsa. Na biyu yana zuwa sannu a hankali, a kan manyan karnuka da suka manyanta. Mai IVDD zai iya shekaru yana lafiya lau, sannan wani faifan dabam ya fashe masa dare ɗaya.

Akwai kuma lalacewar laka ta tsufa, wadda aka danganta da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna SOD1, kuma an fi ganinta a karnuka jinsin makiyayin Jamus da Boksa da Kogi daga shekara 8 zuwa sama. Ita ba ta da zafi, amma ba ta tsayawa, ba ta kuma da magani. Daga jan farce a ƙasa zuwa kasa tashi da ƙafafun baya yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara ɗaya. Ciwo na uku shi ne matsewar jijiyoyi a mahaɗar ƙugu, inda ƙashin baya na ƙarshe ya haɗu da na kwatangwalo: karen yana jin zafi in zai miƙe, yana ƙin tsalle, wutsiyarsa ta yi laushi. Wanda zai karɓi mai lalacewar laka yana sa hannu ne a kan jinyar ƙarshen rayuwa. Wanda zai karɓi mai IVDD yana sa hannu ne a kan shekarun kiyayewa, tare da yiwuwar tiyatar gaggawa. Kowannensu yana da haƙƙin sanin wanne ne a gabansa.

Saboda haka kafin a fara neman kowa, a kai karen wurin likitansa a sake duba shi, a roƙi cikakken rahoto a rubuce: sunan ciwon, gaɓar da abin ya shafa, matakin da yake kai, hotunan da aka ɗauka, rahoton tiyata in an yi, sakamakon gwajin jini da na fitsari na baya-bayan nan, da nauyinsa. A lura cewa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna laka, sai na MRI ko CT, na'urorin da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla. In ba a taɓa yin ɗayansu ba, a faɗa a fili cewa hasashen likita ne, ba tabbaci ba. Matakan IVDD biyar ne: na 1 zafi kawai, na 2 tafiya da tangaɗi, na 3 yana motsa ƙafa amma ba ya iya tafiya, na 4 ƙafafun sun shanye amma yana jin zafi in an matse yatsa, na 5 ko wannan jin babu. Lambar nan ɗaya ta fi dogon labari amfani ga sabon likita.

A sanarwar neman gida, ciwon ya zo a layin farko, ba a ƙasa bayan an gama yabon halinsa ba. A haɗa da bidiyon tafiyarsa, daga gefe da kuma daga baya, a rana mai kyau da rana maras kyau. A rubuta minti nawa jinyar ke ci a yini, da abin da magani da zuwa asibiti suka ci cikin shekarar da ta wuce. Masu kira za su ragu ƙwarai, kuma hakan shi ake so. Kare da aka ɓoye ciwonsa yakan dawo bayan makonni kaɗan, ko a wuce da shi hannu na uku inda babu wanda ya san tarihinsa. Yana da kyau a tuntuɓi ƙungiyoyin ceton dabbobi da suka ƙware a kan jinsin karen ko a kan naƙasassun dabbobi, haka ma ma'aikatan asibitin da ke duba shi, don su suka fi sanin waɗanda suka taɓa yin irin wannan jinya. A ganina, barin sa a gidansa har a samu mai karɓa ya fi kai shi matsugunin dabbobi, inda daɓen siminti da hayaniya da ƙarancin hannu ke haɗuwa a kansa.

Tausayi shi kaɗai ba ya jinya. Mai son karɓa a yi masa tambayoyi kai tsaye. Awa nawa gidan ke zama babu kowa? Karen da ba ya iya fitsari da kansa ba ya jure fiye da awa 8. Akwai matakala tsakanin ɗaki da waje? Zai iya ɗaga kilo 30 sau huɗu a rana, in babban kare ne, bayansa shi ma bai samu matsala ba? Akwai wani kare mai ƙarfin wasa a gidan, ko yara ƙanana da za su hau bayansa? Ina asibitin dabbobi mafi kusa da ke buɗe da dare, kuma da me zai kai shi? In yana tunanin inshora za ta ɗauki nauyi, a gaya masa cewa kamfanoni galibi ba sa biyan ciwon da ya riga ya bayyana kafin rajista.

Sai koyarwa, kuma nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Ba a koyon jinyar nan daga takarda. Mai karɓa ya zo gidan aƙalla sau uku, ya yi komai da hannunsa ana kallonsa.

Ɗagawa: hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji a bayan ƙafafun gaba, ɗayan ya tallafi gindi, gadon bayan ya zama a miƙe kamar an ɗauko faranti cike da ruwa. Ba a kama shi ta hammata a bar ƙasan jiki yana reto. Igiyar wuya a ajiye ta, a koma ɗamarar ƙirji, musamman in ciwon a wuya yake. Mai raunin ƙafafun baya a ratsa masa tawul da aka naɗe ta ƙarƙashin mara, a riƙe bakinsa biyu ta sama, a ɗauke masa nauyi kaɗan kawai, dagin na taɓa ƙasa.

Mafitsara ita ce ta fi ba sabon hannu wahala. Ana tsayar da karen, ko a kwantar da shi ta gefe, a sa tafin hannu biyu a gefe-gefen mara, gaban cinyoyi. A lallaba a hankali har a ji wani abu kamar balan-balan mai ruwa. Sai a danna da matsi mai ɗorewa, ciki da kuma baya, ba da ƙarfi ba, ba kuma da kan yatsu ba. In fitsarin ya tsaya, a jira kamar rabin minti, mafitsarar ta sake tattaruwa, a maimaita har ta koma kamar jakar da babu komai ciki. Ana yin haka sau 3 zuwa 4 a rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga shimfiɗa a jiƙe a ɗauka karen yana fitsari da kansa. Sau da yawa mafitsarar ce ta cika maƙil take tsiyaya. In aka bar ta haka, bangonta ya saki, ragowar fitsarin kuma ya zama wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta. Fitsari mai wari ko duhu ko jini, a kai samfuri asibiti a ranar. Dabarar nan sai likita ko ma'aikacin jinya ya ga hannun mai karɓa ya tabbatar ya iya kafin a yarda.

Fata ma tana bukatar ido. Fitsari yana ƙona ta, don haka a aske gashin wurin, a wanke da ruwan ɗumi, a busar sosai. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk awa 4 zuwa 6, a duba kan kwatangwalo da gwiwar hannu, inda gyambon kwanciya ke farawa da ɗan ja. Mai jan dagi yana goge bayan yatsunsa har jini ba tare da ya ji ba, sai a sa masa takalmin karnuka lokacin fita, a cire in an dawo.

Sabon gidan a shirya shi kafin karen ya iso. Tayil da katako mai sheƙi a shimfiɗa musu darduma mai gindin roba, daga makwanci zuwa kwano zuwa ƙofa. A tare bakin matakala. In za a bar shi ya hau kujera, a yi masa katakon hawa wanda tsawonsa ya kai ninki uku na tsayin kujerar, wato santimita 120 ga mai tsayin 40, a lulluɓe shi da abin da ba ya santsi. Kejinsa ya zama wanda zai iya tsayuwa da juyawa da miƙe ƙafa a ciki, kuma tsohon kejin da tsohon bargon su tafi tare da shi ba a wanke ba. Ƙamshin da ya sani yana rage masa zarya, zarya kuwa ita ce ke jawo tsalle. In yana da keken guragu, a nuna yadda ake ɗaura shi, a kuma faɗa cewa ba a barin sa a ciki ba mai kallo, don ba ya iya kwanciya da shi.

Magani a ba da na aƙalla wata ɗaya, da jadawalin suna da awo da lokaci. Abu huɗu a rubuta su da manyan baƙi. Ba a ba da maganin kumburi irin meloksikam tare da firednisolon, haɗin yana iya huda ciki. Ba a tsayar da firednisolon ko gabafentin, maganin zafin jijiya, lokaci ɗaya bayan an daɗe ana sha, sai a rage sannu bisa umarnin likita. Ba a ba kare ibufurofen ko dikilofenak na mutane. Gabafentin na ruwa da aka yi don mutane kuma wani yana ɗauke da sinadarin zaƙi na zailitol, wanda guba ne ga kare. Amai, baƙin kashi ko ƙin abinci ga mai shan maganin kumburi, a dakatar a kira likita. Abincinsa kada a sauya a makon farko, in za a sauya daga baya a yi cikin kwana 7 ana gaurayawa. A kuma gargaɗi sabon gidan a kan ciyarwar tausayi: kowane kilo na ƙari a kan bayan yake sauka. Haƙarƙarinsa ya zama ana jin su da ɗan shafawa.

Ranar tafiya a rage abinci, a matsa mafitsara kafin a shiga mota, a sa shi cikin keji da aka ɗaure, da naɗaɗɗun tawul a gefe don kada birki ya jefa shi. Kada a sauya masa gida yana tsakiyar hutun keji na mako 4 zuwa 6 da ake yi bayan ciwon ya tashi, sai dai in babu makawa.

Makonni biyun farko su ne masu hatsari. Karen yana ɗoki ko fargaba, mutanen kuma ba su san yadda yake a ranar lafiya ba, balle su gane ya canja. A bar musu takarda ɗaya a manne a bango. Doro a baya, sunkuyar da kai, rawar jiki, ƙara in an taɓa shi, ƙin hawa abin da ya saba hawa: a sa shi keji, a kira likita a ranar. Ƙafa ta fara harɗewa, ko ya kasa tashi, ko fitsari ya tsaya: asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Dalilin gaggawar shi ne, karen da har yanzu yake jin zafi a yatsunsa, kusan tara cikin goma suna sake tafiya bayan tiyata. Da zarar jin ya ɓace, abin yakan sauko zuwa kamar rabi. A kuma sani cewa janye ƙafa in an matse yatsa ba shaidar ji ba ce, jijiya ce ke yi da kanta. Sai ya waiwayo ko ya yi ƙara ake cewa ya ji.

Yarjejeniya a yi ta a rubuce, ko da ɗan'uwa ne zai karɓa. A sa lokacin gwaji na mako 2 zuwa 4, da sharaɗin cewa in abin ya gagara karen zai dawo ne, ba za a wuce da shi wani wuri ba. A fayyace wanda zai biya me in ciwon ya tashi cikin lokacin gwajin. In yana da guntuwar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a sauya sunan mai shi a rajista bayan gwajin ya ƙare, kuma tsohon likita ya tura fayil ɗin kai tsaye ga sabo.

Akwai karen da sauyin gida ba zai yi masa adalci ba: wanda zafinsa ya fi ƙarfin magani, ko wanda lalacewar laka ta fara kama masa ƙafafun gaba da numfashi. Irin wannan, kafin a rubuta sanarwa, a zauna da likita a lissafa ranakunsa masu daɗi da marasa daɗi na wata guda, a tattauna ko allurar da za ta raba shi da wahala, a gidan da ya sani kuma a gaban mutanen da ya sani, ita ce ta fi masa sauƙi.