Laraba: akwatin roba mai naɗe kansa

Aikin yau ƙaramin akwati ne mai fuska shida, wanda zai naɗe kansa ba tare da an sa hannu ba. Abin aikin shi ne fallen roba na polistirin, irin wanda ake sayarwa da sunan Shrinky Dinks. Tun a masana'anta aka miƙe shi da zafi aka bar shi ya huce a miƙe, shi ya sa da zafi ya haura digiri 100 na Salshiyos sai ya tsuke, tsawo da faɗi su koma kusan rabi.

Dabarar ta Michael Dickey da Jan Genzer ce na jami'ar jihar North Carolina a Amurka: a ja baƙin layi a inda ake son lanƙwasa, a haska fitilar zafi. Baƙin ya fi sauran fallen shan zafi, sai saman robar da ke ƙarƙashin layin ya tsuke kafin ƙasanta, gefen ya ɗago ta wajen tawadar.

Da safe na yanka fallen a siffar gicciye, kowace fuska santimita 1, layuka biyar. Gwajin farko ko motsi bai yi ba. Laifin farantin ƙarfen da na ɗora shi a kai ne, yana zuƙe zafin kafin robar ta yi laushi. Sai na koma kan murhun lantarki mai shafaffen sama, na tsayar da shi a digiri 90, dab da inda robar ke sakewa, fitila ta cike ragowar. Cikin daƙiƙoƙi bangon ya tashi.

Faɗin layi shi ke tantance girman kusurwar lanƙwasa. Na rabin milimita ya ɗan ɗaga kawai, don zafin na bazuwa gefe. Na milimita 2 ya wuce kusurwa mai digiri 90 har bango ya rufta ciki. Idan kuma fitila ta daɗe, zafi ya ratsa kaurin duka, fallen gaba ɗaya ya nannaɗe kamar ganda a wuta. Tawadar alƙalamin maka ma ba ta da gaskiya: inda ta yi kauri ya riga tashi, fuskar ta karkace.

Abin da ya cinye yammacin shi ne murfi. Yana rufewa tare da bangaye, su yi karo. A origami, wato fasahar naɗe takarda da hannu, yatsa ne ke tsara wane naɗi zai riga, a nan kuwa dole robar ta san jerin da kanta. Mutum-mutumin da masana jami'o'in Harvard da MIT na Amurka suka nuna a 2014 ya warware wannan da wayoyin tagulla a cikin fallen, suna dumama kowace gaɓa a lokacinta, ya haɗa kansa cikin minti huɗu ya kama tafiya. Ni na mayar da layin murfin ruwan toka don ya jinkirta. Ya jinkirta, amma ya tsaya a buɗe kaɗan. Gobe zan faɗaɗa layin da rabin milimita.