Na'urar Zainab a gonar dankalin Kawu

Ranar Asabar na raka ƙanwata Zainab gonar Kawunmu a hanyar Barikin Ladi, wai zata duba na'urorin da ta binne a fangalin dankalin Turawa saboda furojet ɗinta na mastas. Ni dai na bi ta ne don in samo kabeji da karas a ɓagas, amma kun san ni da tambaya.

Wanda bai san Jos ba, noman raninmu yawanci da ruwan kududdufan kuza ake yi, ramukan da kamfanonin Turawa suka haƙa suka bari tun zamanin mulkin mallaka. Damina ta cika su, daga Nuwamba sai kaji ƙarar inji ta ko'ina, an ja tiyo ana malala ruwa. Kawu ya fi shekara talatin yana wannan aikin kuma tsarinsa ɗaya ne, duk bayan kwana uku a tada inji a cika fangali har ruwa ya kwanta, ko ƙasa na so ko bata so.

Abun da Zainab ta binne ba wani abun azo a gani bane. Wasu 'yan ƙananan na'urori ne masu jin danshi, ɗaya kusa da sama, ɗaya daidai inda saiwa take, ɗaya can ƙasa inda saiwar dankali bata kaiwa. Tace akwai irin wanda masu bincike na CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, suka ƙera, Chameleon, shi ko lamba baya nunawa sai kala: shuɗi ƙasa ta jiƙe, kore akwai danshi, ja ta bushe. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai karanta. Wannan ya burge ni wallahi.

Toh ranar da muka je ranar ban ruwa ce a lissafin Kawu, yaransa har sun ɗauko jarkar fetur. Zainab ta duba tace, "Kawu, don Allah ku bari sai jibi, ƙasan nan a jiƙe take." Ya kalle ta sama da ƙasa yace, "Ke 'yar nan, tun ba'a haife ki ba nake ba dankali ruwa, yau waya ce zata faɗa min ƙishirwarsa?" Bata ce komai ba, ta karɓi fartanya ta tona gefen fangali kamar taƙi ɗaya, ta damƙo ƙasar ta matse ta miƙa masa. Sama ta bushe ƙamas saboda iskar hunturu amma ciki dunƙulewa take a hannu. Kawu yayi shiru yana murza ƙasar.

A hanyar dawowa ne ta warware min. Wai a ƙiyasin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, dankali na buƙatar ruwa milimita 500 zuwa 700 daga shuka zuwa haƙa, kuma milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 kenan, sai ku lissafa abun da ake zuƙowa da fetur ɗin da tun aka cire tallafi a 2023 ya zama abun da ya zama. Kuma ba asarar mai kaɗai bace, ruwan da ya wuce saiwa baya tafiya shi kaɗai, da takin yake tafiya, musamman yuriya, wato ka sayi buhu da tsada ka zuba sannan ka sake biyan kuɗin mai don ka wanke shi zuwa inda shuka bata isa. Ga shi dankali baya son ƙasa mai kwanciyar ruwa, ruɓewa yake. Shi yasa ta binne waccan ta can ƙasa, in ta nuna jiƙa to an zarce.

Na tambaye ta jiragen nan marasa matuƙi da ake ta nunawa a Facebook fa? Tace suna da amfani, har ma akwai tauraron ɗan Adam na Turai, Sentinel-2, da ke ɗaukar hoton gonaki kusan duk bayan kwana 5 kuma kyauta ne, ana gane inda ganye ya fara wahala. Amma duk ɗigo ɗaya a hoton mita 10 ne, gonar Kawu kuwa nan fangalin kabeji, nan na dankali, can gefe latas, duk sai su cakuɗe. Ban ruwa na ɗigo-ɗigo ma da ake yabo, wanda yake kai ruwa gindin shuka kai tsaye, sai kana da kuɗin tiyo da tanki da matatar ruwa, don ruwan kududdufi da laka yake zuwa, nan da nan ya toshe ƙofofin.

Ni abun da yake damuna shine ba yau aka fara irin wannan binciken ba. IAR, cibiyar binciken noma da ke Samaru, ta daɗe tana gwajin ban ruwa a Kadawa, BUK na da cibiyar binciken noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, ga cibiyar dankali nan Kuru a ƙofar gidanmu. Amma ɗalibi ya gama, a ɗaure kundi da baƙin bango da Turancin da ko ni sai na buɗe ƙamus, a ɗora a kanta, manomin da aka yi aikin a gonarsa ko sakamako baya ji. Na faɗa wa Zainab in ta gama dole ta koma ta zauna da su a gindin mangwaro ta yi musu bayani da Hausa, tace in sha Allahu.

Kawu dai bai yarda duka ba. Ya ware mata fangali shida yace waɗannan a bi na'urarta, sauran a bishi, in an haƙa a auna a buhu. Jiya da daddare sai gashi ya kira ni, ba ita ba fa, ni, wai in tambayar masa nawa ake sayar da abun nan mai nuna kala, kuma kar in ce shi ya tambaya.