Abin da aikin feshin ƙwari a gidaje ya koya min

Yawancin masu gida in sun kira mai feshi wari suke son ji. In ka gama aiki ɗaki bai ɗauki warin magani har ido na yaji ba, sai maigida ya fara yi maka wani irin kallo, wai ko ka cika wa maganin ruwa ne. Ni kuwa a wurina feshin shi ne ƙaramin aiki, dubawa ce ke cin lokaci, ka ɗauki tocila ka durƙusa ka leƙa bayan firji, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka ɗaga katifa ka bi ɗinkinta da yatsa. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar na tawada a bakin ɗinkin to kashin kuɗin cizo ne, ko ba ka ga ƙwaron da idonka ba yana nan cikin tsagar katakon gado.

Abin da ya fi wuyar fahimtar da mutane shi ne maganar ƙwai. Yawancin magungunan da muke fesawa ba sa kashe ƙwai. Na kuɗin cizo yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, ƙaramin kyankyason nan na kicin kuwa macen jaka guda take ja a bayanta mai ƙwai 30 zuwa 40, shi ya sa tun kafin in buɗe jarka nake cewa ranka ya daɗe sai na dawo bayan sati biyu fa, kuma ka sa a wanke zanin gado da ruwa mai zafi sosai, digiri 60 yana gamawa da su har ƙwan. Wasu su ɗauka dabara ce ta ƙara cin kuɗinsu. To a ƙaramin gari da kowa ya san kowa in kuɗin cizo ya dawo ba wanda zai ce ƙwai ne ya fashe, cewa za a yi wane bai iya aiki ba, kafin yamma magana ta zaga.

Ɓera kam toshe rami ya fi guba, ƙaramin ɓera yana bi ta kafar da fensir zai shiga. Gubar ma sai ta yi kwanaki kafin ta kashe, ya je ya mutu cikin silin ya bar ka da ɗoyi.

Akwai kuma gidan da kome ka fesa a banza, saboda famfo na yoyo ko bola na jingine da katanga, ko maƙwabci da suka haɗa bango bai yi nasa ba, kyankyasai su gudu can su huta su dawo.

Wanda ba na wasa da shi ko kaɗan shi ne ƙwayar nan ta adana hatsi a sito, aluminium phosphide. Wani sai ya ce malam ka ɗan ajiye min biyu a ƙarƙashin gado mana. Wallahi ba na yi. Da ta sha danshi take sakin iskar phosphine, tana ratsawa har ɗakin da ke kusa, kuma ta sha kashe mutane a cikin gidajensu, yara ma sun fi saurin tafiya. Gara kastoma ya ji haushi ya nemi wani.