Laraba: yatsu biyu na Oga da agogon awa

Ranar ta fara da daɗi. Sabbin haƙoran bokiti sun iso, kuma sun zauna daidai ba tare da an taɓa guduma ba. Sai batun man haidirolik (man da ke motsa hannu da tayoyi) na ƙaramar loda, wato injin ɗibar ƙasa, ya shigo, kuma har yanzu bai bar kaina ba.

Oga ya buɗe murfin tanki, ya tsoma yatsa, ya murza man tsakanin babban yatsa da manuniya, ya ce, "Sumul yake. Ko baƙi bai yi ba. A bar shi sai ya cika awa dubu." Agogo kuwa yana nuna awa 640. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba baƙin nake tsoro ba, farin nan da ya yi shi ne matsalar." Ya yi dariya, ya ce yaran zamani ba su da aiki sai zubar da mai.

Na san inda wannan hukunci ya samo asali: man inji. Shi yana baƙi ne saboda hayaƙin dizal da ke ratsawa cikinsa, don haka ido ya saba. Man haidirolik ba ya kusantar wuta. Yana iya zama garau a kwalba alhali yana cin famfo a hankali. Ido ba ya ganin ƙwayar dattin da ta gaza maikiron 40 ko makamancin haka (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), yatsa ma ba ya jin ta, amma ratar da ke tsakanin ƙarafan cikin famfo 'yan maikiron ce kawai. Ƙwayoyin da suka fi ɓarna su ne waɗanda ba a gani. Ga shi a irin wannan loda mai juyawa a wuri ɗaya, tanki guda ne ke ciyar da komai: famfunan tafiya, motocin da ke juya tayoyi (ƙananan na'urori ne da matsin mai ke juyawa), silindojin ɗaga hannu da na bokiti. In man ya lalace, babu inda bai kai ba.

Dubun da Oga ke jira ba ƙirƙira ya yi ba. Littattafan injuna da yawa suna cewa awa 1,000 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Wasu masu ƙerawa sun kai shi 2,000, har fiye in ana amfani da irin man da suka tsara kuma ana kai shi gwaji. Filta yawanci awa 500, sabon inji kuma ana canza masa ta farko da wuri saboda ɓurɓushin ƙarfen da sababbin kaya ke saki. Amma wannan lamba iyaka ce ga injin da ke aiki cikin lafiya. Ruwa, zafi da ƙura ba sa duba agogo.

Da na ga gardama ba za ta kai mu ko'ina ba, sai na sa yaro ya ɗumama wani falen ƙarfe, zafin kusan digiri 150, na ɗiga masa man. Nan take ya fara tsartsatsi, ƙas-ƙas-ƙas. Man da babu ruwa a cikinsa shimfiɗewa kawai yake yi shiru. Oga ya matso, ya ce a sake. Aka sake, haka dai.

Mai yana iya shanye ɗan ruwa kaɗan ba tare da ya nuna ba. Da zarar ya dushe ya yi fari-fari, to ya wuce abin da zai iya riƙewa. Daga nan santsinsa ke raguwa, tsatsa ta kama ciki, magungunan da aka haɗa masa don hana cin ƙarfe su lalace. Ta ina ruwan ya shiga? Ko ta murfin numfashi na tanki, ko ta robar bakin silinda da ta cinye, ko raɓar da ke taruwa cikin tanki in ƙarfe ya huce da dare, ko daga duron da aka bari a tsaye ruwa ya kwanta a kansa. Namu bai ba da wahala ba: murfin ya tsage, kuma daidai wurin yaro ke saita bakin tiyo mai ƙarfi in yana wanki. Ban yi masa faɗa ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa.

Sai Oga ya juya gaba ɗaya: "To zubar, zuba sabo, mu wuce wurin." A nan muka sake saɓawa.

Buɗe tanki ba ya fitar da duk man. Wani kaso mai yawa yana zaune cikin tiyoyi, silindoji, lagireton mai da motocin tafiya, kuma da an tayar da inji zai gauraye da sabon. Idan lokaci ne kawai ya cika, wannan ragowar ba abin damuwa ba ce. Idan ruwa ne, sau da yawa sai an zubar, an cika, an yi ɗan aiki, an sake zubarwa. Kuma kafin komai a canza murfin, in ba haka ba sabon man ma zai bi sahun tsohon.

Yadda nake so a yi shi: a tsayar da lodar a shimfiɗaɗɗen wuri bayan ta ɗan yi aiki, man yana da ɗumi. A sauke hannu ƙasa don silindojin ɗagawa su koma ciki su turo mansu tanki. A kashe, a saki matsin da ya rage a layi. In dole sai hannu yana sama, a sa ƙarfen tokare, ba wanda zai shiga ƙarƙashi ba tare da shi ba. A wanke kewayen murfi da filta kafin a kwance, ba bayan an kwance ba. A canza babbar filta, a kuma duba ko akwai ƙaramar da ke kan layin da ke dawo da mai daga motocin tafiya, wadda kowa ke mantawa da ita. Tsohuwar filta a yanka ta a baje takardar: ƙyalƙyali ruwan tagulla yana nufin famfo ko mota ta fara cinyewa, kuma sabon mai ba zai warkar da wannan ba. Kaurin man ya zama wanda littafi ya ce, ko lamba 46 ce ko 32 ko 68, ba wanda ya rage a lungun sito ba. Sabon mai daga duro ma ba shi da tsabtar da ake zato, a tace shi wajen zubawa, mazurari ya zama wankakke. A tayar a bar shi a silo, a ɗaga a sauke a hankali sau da dama don iska ta fita, sannan a duba gilashin awo hannu yana ƙasa. Kumfa ko kukan famfo alamar iska ce. Yoyo kuma da kwali ake nema, ba da tafin hannu ba. Man da ke fita ta ƙaramar huda yana iya fasa fata ya shige jiki.

Zafi bai shafe mu yau ba, amma na ambata masa. Sama da digiri 60, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin tsufan mai, kuma in ya wuce 82 robobi sun fara taurin mutuwa. Lagireton da ƙura ta toshe shi ne babban mai laifi. Irin wannan man yana duhu, yana warin ƙuna, yana barin danƙo a bawuloli. Lodar da ke yini da gudumar fasa kankare kuwa, a rage mata wa'adi, ko da zuwa rabi ne. Haka kayan aro da ake haɗa wa loda: kowanne yana zuwa da ragowar man wani injin a cikinsa, ga ƙura a bakin mahaɗa da ba a gogewa.

Abin da zai kashe irin wannan gardama shi ne kwalba 'yar mililita 100, duk awa 500, a ɗiba man yana da ɗumi, a kai ɗakin gwaji. Silikon (sinadarin da ke cikin yashi) ya hau, ƙura na shiga. Tagulla ko baƙin ƙarfe sun hau, wani abu na cinyewa. Kauri ya kauce da kashi 10 cikin ɗari, man ya gama aikinsa ko an gauraya shi da wani. In datti ne kawai, tacewa na iya ceton sa. Oga ya ce zai yi tunani.

Da yamma, tayar baya ta hagu ta yi faci. Ƙusa ce.

Batun mai kuwa, Oga ya yanke hukunci sai Asabar, saboda akwai aikin gobe da jibi. Na naɗe murfin da leda, abin da na iya ke nan. Kwana biyu famfunan nan za su yi suna juya ruwa, kuma kowa zai ce ai tana tafiya lafiya lau. Na ɗebi man a kwalbar gilashi na ajiye kan kanta. Da na leƙa kafin in rufe gareji, wani siririn layi ya riga ya fara kwanciya a ƙasa.