Abin da 99.9 ba ta faɗa maka game da toluwin

A ɗakin gwajin da nake aiki a Apapa, yawancin samfurin da ake kawo mana toluwin ne da zailin, jefi-jefi benzin (sinadarai ne masu kama da ruwa, dangi ɗaya, masu narkar da abubuwa), daga tankuna ko durom-durom ɗin 'yan kasuwar Ojota masu kai wa kamfanonin fenti. Tambayar kowa ɗaya ce: kashi nawa ne tsabtarsa?

Na'urar da muke amfani da ita, GC, mai rarrabe sinadaran da ke gauraye, ba ta auna tsabta kai tsaye. Gurɓin take farauta, wato baƙin sinadaran da suka gauraya da kayan. Nakan ɗebi ɗigon da bai kai maikurolita 1 ba da sirinji, zafi ya mayar da shi tururi, iskar hiliyom ta tura shi cikin siririn bututu mai tsawon mita 60. Kowane sinadari da lokacin fitowarsa, a bakin bututun kuma harshen wutar haidurojin ke ƙona shi ya bar alama a kwamfuta. Muna bin ƙa'idar gwaji mai lamba ASTM D7504, wadda ke gyara girman kowace alama gwargwadon kabon ɗin da wutar ke ji a sinadarin, sannan a fitar da kason kowa.

Bututun shi ne sirrin aikin. Zailin iri-iri ne: para-zailin na tafasa a digiri 138.4, meta-zailin a 139.1, don haka bututun da ke rarrabewa da tafasa kaɗai zai haɗa su wuri guda. Shi ya sa muke sa mai shafen wani sinadari, polietilin gilaikol, a ciki, wanda ke riƙe dangin benzin, ya saki sauƙaƙan gurɓin da ba danginsa ba su fito tun da wuri.

Wani Alhaji daga Agege ya taɓa dawo mini da takarda ransa a ɓace: na rubuta 99.9, ga toluwin ɗinsa ya yi hazo. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wutar nan ba ta ganin ruwa ko kaɗan." Sai da muka yi gwajin Karl Fischer, mai auna ruwa, ruwan ya bayyana, durom ɗin ya sha damina a waje. Ba na sakin sakamako yanzu sai da adadin ruwa a gefensa. Haka tayofin, wani gurɓi da ake samu cikin benzin, shi ma gwajinsa daban.

Zafin Legas kuma yana yi wa ɗan kasuwa ƙaryar alheri. Kwalba rabi a cikin mota a cunkoson Apapa, sauƙaƙan gurɓin sun gudu sama, kaya ya fito fes a takarda alhali ba haka yake ba. Don haka nake cewa a cika kwalbar har kusa da wuya, a toshe sosai, a kawo ta cikin kula mai ƙanƙara. Wadda ta zo da ɗumi ko murfinta a sake, a sake ɗebo wata.